Yadda Za Ka Koya wa Yaron Firamare Karatu a Legas, Ba Hadda Ba

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare ta al'umma a Agege, akwai wani yaro ɗan aji huɗu da kowa ke cewa shi ne gwanin karatu. In ya miƙe da littafin Turanci sai ka ji kamar rediyo. Wata rana na tsaya a bayansa yana karantawa, sai na lura yatsansa yana kan layi na biyu, bakinsa kuwa ya kai layi na biyar. Na karɓi littafin, na rufe hoton da tafin hannuna, na nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar shafi. Ya dubi kalmar, ya dube ni, ya ce, "Malam, daga farko zan faro." Ashe shafin duka a kansa yake. Ko harafi biyu ba ya iya haɗawa.

Ba laifinsa ba ne, kuma ba daƙiƙi ba ne. Yaron da zai haddace shafi guda na harshen da bai gama ji ba, ai ƙwaƙwalwa gare shi. Ka duba nauyin da ɗan Bahaushe ke ɗauke da shi a Legas: Hausa a gida, Yarbanci a layi, buroka a kasuwa da cikin motar haya ta danfo, Turanci a aji, Larabci a Islamiyya da yamma. Harshe biyar, rubutu iri biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. In ba a zauna an nuna masa yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da sauti ba, hanyar da ya fi sani zai bi, wato ya ji ya riƙe. Matsalar kuma ba ta Agege kaɗai ba ce. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kusan kashi 89 cikin 100 na yara masu shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi.

Abin da zan zayyana a nan shi ne hanyar da na bi, da gyare-gyaren da na yi bayan na sha tuntuɓe. Ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Tana bukatar minti 40 kullum da malamin da ba ya fashi.

Da farko, gwada kowane yaro shi kaɗai

Kada ka yarda da sakamakon jarrabawar zangon da ya wuce, kada kuma ka yarda da karatun taro. Ka samu kwali ɗaya ka raba shi gida huɗu: haruffa 10 a warwatse, kalmomi 10 masu sauƙi, sakin layi mai jimla huɗu, sai gajeren labari da tambayoyi biyu. Ka yi ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci. Rubutun ya zama sabo, wanda bai taɓa gani a littafin aji ba.

Ka kira yaro gefe, bakin baranda ko ƙarƙashin matakala, inda 'yan ajinsu ba za su ji ba. Fara masa da sakin layi. In ya wuce, ka hau da shi labari. In ya kakare, ka sauko kalmomi, in nan ma ya kasa, haruffa. Minti uku zuwa biyar ya isa. A ƙarshe kowane yaro zai faɗa ɗaya daga matakai biyar: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai sakin layi, mai labari. Wannan salon gwaji ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa shi, kuma an yi aiki da shi a wasu jihohin Arewa. Ka rubuta suna da mataki da kwanan wata a littafi na musamman, domin za ka dawo kansa.

Ka shirya zuciyarka. Ranar da na gama gwada ajina ban iya cin abincin rana ba.

Raba su bisa abin da suka iya

Minti 40 ɗin nan, a manta da aji. Ɗan aji biyar da bai san harafi ba ya zauna da masu koyon harafi. Nan ne za ka fara samun tirjiya, daga hedimasta da iyaye da yaran kansu. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce sunayen rukunin. Ba "masu ƙoƙari" ba "marasa ƙoƙari". Mun sa musu Shaho, Balbela, Tattabara, Hazbiya, kuma manyan yaran da ke rukunin ƙasa na ba su muƙami: wannan shi ke raba kwali, wancan shi ke riƙe alli. Lokacin kuma kada ya zama darasin farko, domin a Legas ruwan sama da cunkoso kan sa rabin aji su iso a makare. Darasi na biyu ya fi.

Wanda ke makarantar gwamnati ya san hannunsa a ɗaure yake. Tun daga 2019 da aka ƙaddamar da shirin EKOEXCEL a ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, malamai na bin darasin da aka tsara musu a na'urar hannu, minti bayan minti. Ga kuma dokar 2018 da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun jihar. Babu gurbin Hausa a wannan jadawalin. To, gurbinta yana wajenmu: makarantun al'umma, Islamiyyu, darasin yamma, da safiyar Asabar. Yawancin 'ya'yanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago suna ratsa ɗaya daga cikin waɗannan kullum.

Kunne kafin ido

Masu matakin farko kada ka fara musu da allo. Sati ɗaya ko biyu, minti 10 na farko wasan kunne ne. Ku tafa gaɓoɓi: tu-ma-tir, tafi uku, al-ba-sa, uku, at-ta-ru-hu, huɗu. Sannan sunayensu. Daga nan ka ce, "Na je Mile 12 na sayo abin da ya fara da *t*." Za ka ji tattasai, tumatir, tafarnuwa, wani ma ya ce tunkiya, ka karɓa. Abin da kake so yaro ya gane shi ne magana tana ɓarewa gunduwa-gunduwa, kuma kowace gunduwa tana da farko da ƙarshe.

Baƙi da wasali, kuma da Hausa

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma aka fi yi mini gardama. Wani mahaifi mai sana'ar shanu a Oko-Oba ya same ni a ƙofar makaranta ya ce, "Malam, Turanci na kawo shi ya koya. Hausa ai da ita aka haife shi." Na ce, "Alhaji, gaskiyarka. Amma da aka kai ka makarantar allo, da Baƙara aka fara maka ko da babbaƙu?" Ya yi dariya ya ce da babbaƙu, sannan farfaru. Na ce to shi ne nake yi. Ina so ya koyi haɗa baƙi da wasali a harshen da in ya haɗa zai ji ma'ana nan take. In ya iya haɗin, ba zai sake koyonsa ba, da shi zai shiga Turanci.

Rubutun Hausa na boko yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi: wasula biyar, kuma kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne duk inda ya je. Yaron da ya haɗa *na* da *ma* ya ji "nama" daga bakinsa, fuskarsa takan canza. Wanda ya haɗa haruffan kalmar Turanci da bai san ma'anarta ba, bai ma san ko ya yi daidai ba.

Kada ka bi jerin a, b, c. Fara da haruffan da za su ba ka kalmomi da wuri: a, n, k, m. Da waɗannan huɗun kaɗai kana da nan, kan, kaka, mama, nama, har da jimla: "Kaka na nan." Ka ƙara i da u, sai ga kunu, kuka, ina, muna, da "Mama, ina nama?" Harafi biyu ko uku a sati ya isa. Ka kira harafi da sautinsa, ba da sunansa na Turanci ba.

Kayan aiki kuwa, murafun robar ruwa da na lemo, waɗanda a Legas ba sai ka nema ba. A wanke, a rubuta harafi ɗaya a kan kowane, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja. Kowane yara biyu su samu ƙullin leda ɗaya. Ka ce "ka", su jera. Ka ce "ku mayar da ita ku", su cire murfi ɗaya su sa wani. Yaron da ya canza murfin da hannunsa ya fi wanda ya kalli allo saurin gane aikin wasali.

Hattara da waƙar "ba, be, bi, bo, bu". Tana da daɗi, aji yakan ɗauka har maƙwabta su ji, amma cikin kwana uku ta zama hadda. Ka yamutsa jerin kullum: bu, ba, bo. Ka nuna da sanda ba tare da ka buɗe baki ba, ka kira yaro ɗaya, ba aji duka ba.

Abubuwa uku za su taso, gara ka san su tun yanzu. Na ɗaya, gefen da ake faro karatu: yaron da ya saba da rubutun Larabci zai iya karanta *kan* ya ce "nak". Ka ɗiga kore a gefen hagu na kowane layi, ka ce daga kore ake tashi. Kada ka nuna masa cewa na Larabcin ne kuskure. Ka ce kowace mota da hannun da take bi. Na biyu, haruffa masu lanƙwasa. Yaran da aka haifa a nan, musamman waɗanda Yarbanci ko buroka ya fi yawa a bakinsu, wasu ba sa bambanta k da ƙ ko a furuci. Ka koyar da su bibbiyu: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari, fada da faɗa. Ka sa su cikin jimlar da za ta ba da dariya in an musanya. Na uku, rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka *gari* na tuwo da *gari* na mutane kamarsu ɗaya a takarda. Wannan ba cikas ba ne, dama ce ta nuna wa yaro cewa jimla ce ke yanke hukunci: "Ta tankaɗe gari", "Ya shiga gari." Masu goyo irin sh, ts, ky, gw, ƙw ka bar su sai ƙarshe.

Tsallakawa zuwa Turanci

Tun ranar farko Turancin baki yana tafiya: gaisuwa, sunayen abubuwa, waƙa, umarni. Amma karatunsa sai yaro ya iya karanta gajerun jimlolin Hausa ba tare da ya tsaya a kowane harafi ba. A nan ka faɗa musu gaskiya ƙarara: haruffan da kuka sani ne, amma wasu sun canza hali. Turanci yana da haruffa 26 da sautuka kusan 44, shi ya sa wasali ɗaya kan yi murya biyu ko uku.

Yawancin baƙaƙe suna nan yadda suke: b, d, m, n, t, s, l, k. Ka fara da su, yaro ya ji ba baƙon wuri ya zo ba. Tsarin Jolly Phonics da makarantu da yawa ke amfani da shi yana farawa da s, a, t, i, p, n, kuma yana da kyau, sai dai ga ɗan Bahaushe akwai tarko a ciki, wato p, wadda bakinmu kan haɗa ta da f. Ka ware mata kwana biyu. Ka riƙe 'yar takarda a gaban baki: in an ce *pan* leɓɓa biyu sun haɗu, takarda ta yi tsalle, in an ce *fan* haƙoran sama suna kan leɓen ƙasa. A Yarbanci kuma harafin nan kp ake furta shi, shi ya sa suke jin ana kiran Apapa da wani irin nauyi. Harafi ɗaya, hali uku, kuma yaron yana haɗuwa da duka ukun a rana ɗaya. Haka c: a Hausa ita ce ta ciki da cokali, a Turanci wani lokaci k wani lokaci s, a Yarbanci babu ita sam. In ka bayyana musu haka a fili, rikicin yakan zame musu abin wasa.

Sai baƙaƙe masu cunkoso. Bakinmu ba ya son baƙi biyu a farkon kalma, shi ya sa *bread* ya zama burodi. Kada ka yi faɗa, ka nuna: *top*, sannan *stop*, *lap*, sannan *clap*. Kalmomin da ba sa bin doka, irin *the*, *said*, *was*, *one*, ka ba su uku zuwa biyar a sati, a manna a bango. Kuma duk kalmar Turancin da aka karanta, a tambayi ma'anarta da Hausa. In ba haka ba, ka fitar da yaro daga haddar shafi ka shigar da shi karatun aku.

Sauri da fahimta

Yaron da ke jan kalma ɗaya-ɗaya, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Maganinsa maimaici mai ma'ana: gajeren labari ɗaya, ka karanta musu, ku karanta tare, sannan su zauna bibbiyu, wannan ya karanta wancan ya bi da yatsa, su musanya. Kwana uku a kan labari ɗaya, sannan a canza kafin ya shiga kai. Sau ɗaya a sati ka ɗauki yara biyar ka ƙirga kalmomin da kowa ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Kowa da kansa yake tsere, kada ka karanta sakamako a gaban aji.

Minti 10 na ƙarshe naka ne. Ka karanta musu labari da murya mai rai, ko ka buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", ka ji yadda yaran da ba su taɓa kwana a Arewa ba za su amsa "Ta zo mu ji ta." Ka tsaya a tsakiya ka tambaya: me kuke gani Gizo zai yi? Bayan an gama, tambaya ɗaya ta zama wadda amsarta ke cikin labarin, ɗaya kuma wadda sai an yi tunani, kamar "Da kai ne Ƙoƙi, za ka yarda?" Wani lokaci ka katse a daidai inda labari ya yi daɗi, ka ajiye littafin a kan tebur ka fita. Za ka dawo ka tarar da kawuna biyar a kansa.

Ina littattafan?

Kuskuren da na fi jin kunyarsa shi ne wannan. Wani bawan Allah ya ba mu kwali biyu na littattafan yara, don tsoron kada su yage na kulle su a kabad. Damina ta wuce, na buɗe, na tarar danshi ya manne shafuka, kyankyasai sun yi gida. Littafin da ya yage a hannun yaro ya fi wannan daraja sau goma. Yanzu bokitin roba mai murfi nake amfani da shi, ɗaya a kowane aji, a kan benci ba a ƙasa ba, mabuɗi kuwa babu.

Na Turanci ana samun na hannu da araha wajen masu shimfiɗa littattafai a Yaba da Ojuelegba. Ka zaɓa da kanka: manyan haruffa, jimla ɗaya ko biyu a shafi ga masu farawa, labarin da yaro zai gane duniyarsa. Na Hausa ne wahala a Legas. Shafukan African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library suna da labaran yara da Hausa kyauta, ka sauke a waya ka kai a buga maka, amma ka karanta tukuna, domin wasu fassarar tasu tana bukatar gyara kuma wasu injinan buga takarda kan cinye lanƙwasar ƙ da ɗ. In kana da ɗan'uwa malami a Bauchi ko Sakkwato, ka tambaye shi littattafan shirin Mu Karanta da aka yi amfani da su a firamarensu. Motocin kaya kullum suna saukowa.

Mafi daɗinsu duka kuwa wanda yara suka yi. Ka ce su ba ka labarin ranar da ruwa ya shiga gidansu, ko yadda ake sauke buhunan albasa daga tirela, kai kana rubutawa a allo da kalmominsu. A kwafe a takarda huɗu da aka ninka, su yi zane, a ɗinke da zare, a rubuta sunayen marubuta a bango. Ba na jin akwai littafin da aka karanta a ajina kamar wanda suka yi a kan akuyar da ta tsere ta hau gadar Pen Cinema.

Ka ba da aro zuwa gida ranar Alhamis, a dawo Litinin. Wasu za su ɓace. Ka sa wannan cikin lissafi tun farko.

Gida da titi

Iyaye da yawa za su ce ba su yi boko ba. Ka ce musu ba koyarwa kake nema ba, saurare kake nema. "Hajiya, bayan sallar Magariba ki ce ya karanta miki shafi ɗaya, ki tambaye shi me labarin ya ce." Da Hausa ne, za ta gane in ya yi shirme. Inda akwai yaya ko anti mai karatu, a ɗora mata. Muna da zauren WhatsApp na iyaye, kuma saƙon murya ya fi rubutu isa gare su.

Legas kuwa gari ne da aka rubuce shi tun daga ƙasa har sama. Aikin gida na kan ce kowa ya kawo kalma uku da ya karanta a hanya: jikin danfo, allon shago, kwalin Indomie, gwangwanin madara. Washegari mu jera su a allo mu ware na Turanci, na Yarbanci, da na buroka.

Bulala kuma a ajiye ta a wannan darasin. Yaron da ke tsoron kuskure ba zai gwada haɗa kalmar da bai sani ba, zai koma hadda, inda ya san ba a kama shi.

Sake gwaji

Bayan sati shida zuwa takwas, ka koma baranda da sabon kwali mai nauyi ɗaya da na farko. Wanda ya hau, a matsar da shi rukuni na gaba ranar, kada a jira ƙarshen zango. Waɗanda suka tafi gida Arewa hutun Sallah ko biki suka yi wata guda, a sake gwada su ranar da suka dawo, domin sukan zame baya kaɗan.

Za ka samu biyu ko uku da ba su motsa ba. Kafin ka yanke musu hukunci, duba rajistar zuwa: yarinyar da ke talla da safe tana zuwa kwana biyu a sati ba ta samu darasin ba ne, maganar ta iyaye ce. In zuwan yana da kyau, ka tsayar da yaro a ƙarshen aji, ya rufe ido ɗaya ya karanta manyan haruffa a allo, sannan ɗayan. Ka tsaya a bayansa ka kira kalma a hankali ka ga ko zai maimaita. In ka ga alamar matsalar ido ko kunne, ka kira mahaifinsa ka ce a kai shi asibiti a duba, ka kuma dawo da shi bencin gaba tun ranar. In duk wannan lafiya, ka rage masa kaya: haruffa biyar kacal, murafunsa a aljihunsa, minti 10 kai da shi kullum kafin a tashi, kuma kada ka ƙara na shida sai ya haɗa kalma da biyar ɗin ba tare da ya dubi fuskarka ba.